Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Tankin Murjani da Kifin Teku a Legas

Wanda ya taɓa tsayawa gaban tankin gilashi na ruwan gishiri, ya ga murjani yana kaɗawa ƙarƙashin shuɗin haske, ƙananan kifaye suna shiga suna fita tsakanin duwatsu, ya san abin da ke jan mutum zuwa wannan kiwo. Abu ne mai yiwuwa a ɗaki ɗaya a Agege ko Idi-Araba, ba sai mazauna Ikoyi ba. Sai dai kiwon teku yana da sharuɗɗan da kiwon tarwada ko kifin ado na ruwan daɗi ba su da su, kuma Legas ta ƙara masa nata guda uku: ɗaukewar wuta, zafi, da ruwa mai datti. Wanda ya magance waɗannan kafin ya sayi kifi ko ɗaya, sauran aikin haƙuri ne kawai.

Ka fara sanin cewa murjani dabba ne mai rai, ko da yake ido na ganinsa kamar dutse ko fure. A cikin tsokarsa akwai wasu ƙwayoyin tsirrai ƙanana ƙwarai da ake kira zooxanthellae, su ke amfani da haske su samar masa da mafi yawan abincinsa. Gaɓar tekunmu ba ta da dazukan murjani irin na Indonesiya ko Bahar Maliya, saboda manyan koguna irin su Neja suna kwararo ruwan daɗi da laka, murjani kuwa yana son ruwa garau. Don haka kusan duk abin da za ka zuba a tankinka ta jirgi ya shigo, ta filin Murtala Muhammed da ke Ikeja, kuma da dala aka sayo shi. In ya mutu, asarar kuɗi ce mai nauyi, kuma rai ne da aka ɗauko daga nesa aka damƙa a hannunka.

Mataki na farko: wuta da zafi

Kada ka sayi ko gilashi sai ka amsa wannan tambayar: in an ɗauke wuta da ƙarfe ɗaya na dare ina barci, me zai ci gaba da motsa ruwan?

Ruwan gishiri ba ya riƙe iskar oksijin kamar ruwan daɗi, in ya ɗumama kuma sai ya ƙara raguwa. Da famfo ya tsaya, kifi da ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin duwatsu sai su shanye ɗan abin da ya rage, cikin 'yan awoyi ka tarar da kifi a sama suna haki. Murjani zai jure kwana biyu ko uku ba fitila, amma tanki ba zai jure dare ɗaya ba motsin ruwa. Janareta ba ya wadatarwa, domin sai da mutum a gida zai tashi. Abin da kake buƙata inbata ce da batir, wadda ke karɓar aiki da kanta. Nauyin ba shi da yawa: famfunan ƙaramin tanki gaba ɗaya ba su wuce wat 25 ba, batir mai bolt 12 da Ah 100 zai riƙe su kusan awa 20 in su kaɗai ke kansa. Ware musu layinsu, kada a haɗa su da talabijin da cajin wayoyin gida. Bayan haka ka ajiye ɗan famfon iska mai aiki da batir, irin wanda ke kunna kansa in wuta ta yanke. Shi ne madogara ta ƙarshe, kuma ba shi da tsada.

In za ka yi odar kaya daga waje, duba ƙarfin wutar. Namu bolt 230 ne, kayan Amurka da yawa kuwa na 110 ne, kana jonawa su ƙone. Sa na'urar kare kaya daga tashin wuta, ka ɗaga soket sama da ƙasa, kowace waya kuma ka bar ta ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a ƙasa. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai.

Zafin da ake so shi ne digiri 25 zuwa 26. Tanki zai zauna lafiya a 27 in bai cika hawa da sauka ba. Daga 29 zuwa 30, in ya daɗe, murjani yakan kori ƙwayoyin tsirran nan daga jikinsa ya koma fari fat, daga nan sai yunwa ta ƙarasa shi. A watannin Fabrairu zuwa Afrilu ɗaki a Legas yana wuce digiri 30 cikin sauƙi, ga kuma ɗumin famfo da fitila a kai. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri 1 ko 2, amma kada ka dogara da ita kamar a Kano, domin iskar Legas cike take da danshi. Mafita ta gaskiya ita ce na'urar sanyaya ruwan tanki, ko ɗaki mai esi da ba ya yankewa. Ka riƙa ajiye gorunan ruwa biyu ko uku a firiza don ranar larura, ka jefa ɗaya a rufe ta yi iyo a tanki. Kafin ka kashe kuɗi, cika bokiti da ruwa ka ajiye a inda tankin zai zauna, ka sa ma'aunin zafi, ka riƙa dubawa da asuba da la'asar har mako guda. Abin da ka gani shi zai gaya maka abin da za ka saya.

Mataki na biyu: tanki da mazauninsa

Masu farawa sukan ɗauka ƙaramin tanki ya fi sauƙi. Ya fi araha dai, amma ruwa kaɗan yana saurin canzawa: zafi ya hau da wuri, gishiri ya ƙaru da wuri. Shawarata kada ka yi ƙasa da lita 60, in da hali ka nemi 80 zuwa 100. Tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 40, zurfi 35 yana cin kimanin lita 84, kuma da shi zan riƙa misali. Wanda aka ware masa ɗan ɗaki a baya don famfo da matata ya fi daɗin aiki.

Da ruwa da dutse da gilashi nauyinsa zai wuce kilo 100, saboda haka teburin ya zama mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe daidai. Katako ko alminiyam ya fi, ƙarfe tsatsa za ta cinye shi. Nisanta shi daga taga mai rana, daga kicin, da inda hayaƙin janareta ke shigowa. Murfi kuwa ka yi shi da raga, domin gilashi yana tare zafi kuma yana hana iska shiga.

Mataki na uku: ruwa da gishiri

Teku na kusa, amma kada ka ɗebo ruwanta. Ruwan lagun gauraye yake da na daɗi, ga dattin gari da mai, na bakin teku ma bai tsira ba. Ruwan rijiyar burtsatse a unguwanni da yawa yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, fiya wata kuma an yi shi ne don sha, da sauran ma'adinai a cikinsa. Abin da ke aiki shi ne ruwan da ya bi ta matata mai suna RO/DI. Sayi ƙaramin ma'aunin TDS, mai nuna yawan ma'adinan da suka narke a ruwa, ruwan da za ka yi amfani da shi ya nuna 0, ko 1 in ya yi yawa. In burtsatsenku mai jan ruwa ne, matatun farko za su riƙa toshewa da wuri, ka ajiye na canji.

Gishirin girki ba ya yi. Akwai gishirin tanki na musamman da aka haɗa da kalsiyam da maganisiyam da sauransu, irin su Instant Ocean, Red Sea da Tropic Marin. Ana zuba kimanin giram 35 zuwa 38 a kowace lita, wato wajen giram 750 a jarka mai lita 20. Gishiri ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa kan gishiri ba. Bar famfo ya juya shi wasu awoyi, sannan ka auna da ma'aunin gishiri mai madubi, wanda ake kira refractometer, ya nuna 1.025 zuwa 1.026, daidai da kashi 35 cikin 1,000. Rufe buhun gishiri sosai bayan ka ɗiba, danshin Legas yana mai da shi dutse.

Ga wurin da mutane da yawa ke ɓata tanki: ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri ba ya binsa. In ka ga ruwa ya ragu, zallan ruwan RO/DI za ka ƙara, marar gishiri. Yi alama a jikin gilashi ka riƙa cikawa kullum. Lokacin hunturu, a Disamba da Janairu, da kuma in fanka na aiki, ragin ya fi yawa.

Mataki na huɗu: dutse, yashi, da jiran ruwa ya nuna

Dutsen tanki mai ramuka shi ne ainihin matatar, domin a jikinsa bakteriya masu amfani ke zama. Kilo 7 zuwa 8 ya isa lita 84. Busasshen dutse ya fi mana sauƙi da aminci a nan, tunda ba ya shigo da baƙin halittu. Jera shi da koguna da hanyoyi, ka bar tazara tsakaninsa da gilashi yadda hannu zai shiga, ka zaunar da shi a kan gilashin ƙasa kafin ka zuba yashi, don kifi mai tono kada ya rushe ginin. Yashin aragonait ake so, kaurin santimita 2 zuwa 3. Yashin gini ko na bakin teku kada ya shiga.

Sa famfon kaɗa ruwa wanda zai juya ruwan tanki kamar sau 20 a awa, wato wajen lita 1,700 a awa. Saman ruwa ya riƙa rawa kullum.

Daga nan sai jira. Kashin kifi yana zama amoniya, wadda guba ce. Wasu bakteriya suna mai da ita naitirait, shi ma guba, wasu kuma su mai da shi naitiret, wanda ake iya zama da kaɗan daga cikinsa. Don tayar da su, jefa ɗan guntun ɗanyen jatan lande ya ruɓe a ciki, ko ka ɗiga amoniyar kwalba har gwaji ya nuna ppm 2, wato kashi 2 cikin miliyan. Bakteriyar kwalba tana gaggauta aikin, in dai ba ta daɗe a zafin shago ba. Bar fitila a kashe, ka riƙa gwaji sau biyu a mako. Yawanci mako 4 zuwa 6 ake yi. In amoniya da naitirait sun koma 0, naitiret ya bayyana, canza kashi 30 cikin 100 na ruwan. Kada ka yarda a ce maka ka sa kifi mai tauri ya tayar da tanki. Azabtar da shi ne, tunda amoniya tana ƙona masa gaɓoɓin numfashi.

Bayan ka kunna fitila za ka ga gansakuka ruwan ƙasa ta rufe yashi, daga baya koriya ta biyo. Kowane sabon tanki yana bi ta nan, kuma tana wucewa. Kada ka zuba magani.

Mataki na biyar: haske

A nan kuɗi ke tafiya, a nan kuma ake yawan yaudarar mai saye. Fitilar da ta yi wa idonka haske ba lallai ta ciyar da murjani ba. A cikin teku jan haske yana ɓacewa tun a 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke ratsawa ƙasa, shi ya sa ƙwayoyin tsirran murjani suka fi amfana da shuɗin haske mai tsawon nanomita 420 zuwa 470. Ƙwan fitilar ɗaki ko fitilar tankin ruwan daɗi gansakuka kawai za su haifar maka. Nemi LED da aka yi don murjani, wadda ake iya rage mata ƙarfi, shuɗi da fari kowanne da maɓallinsa. Ga tankinmu fitila ɗaya mai wat 30 zuwa 55 ta isa. AI Prime 16HD mai wat 55 da Kessil A160 mai wat 40 sanannu ne, akwai kuma na Sin masu rangwame da ke riƙe murjani mai laushi lafiya lau. LED ta fi dacewa da mu don ba ta cin wuta kuma ba ta ɗumama ruwa sosai.

Ana auna hasken da murjani ke amfani da shi da ma'aunin PAR. Murjani mai laushi yana son 50 zuwa 100. Mai ƙashi da manyan tsoka, wanda masu sayarwa ke kira LPS, 75 zuwa 150. Mai ƙananan baki da rassa, wato SPS irin su Acropora, 200 zuwa 350, kuma wannan ba na shekarar farko ba ne. Na'urar awon tana da tsada, in ba ka da wanda zai ara maka, murjanin da kansa zai nuna maka. Wanda haske ya yi wa yawa yakan kwaɗe, ya dusashe, ya ƙi buɗewa da rana. Wanda bai ishe shi ba yakan koma ruwan ƙasa, ya miƙa wuya sama.

Yawan haske ya fi ƙarancinsa saurin kisa. Murjanin da ya yi kwanaki a duhun kwali bai shirya wa cikakken ƙarfi ba. Rataye fitila santimita 20 zuwa 25 sama da ruwa, fara da kashi 30 zuwa 40 cikin 100, ka riƙa ƙara kashi 5 a mako kana lura. Farin ya zama ƙasa da shuɗi. Kowane sabon murjani ka fara ajiye shi a kan yashi, bayan mako ɗaya ko biyu ka ɗaga shi zuwa mazauninsa. Da ka sami saitin da suka yi na'am da shi, cire hannunka. Murjani yana sabawa da haske iri-iri, abin da ba ya jurewa shi ne a riƙa sauya masa kowane mako.

Awa 8 zuwa 9 a rana sun isa. Ga wata dabara da ta dace da garin nan: fara haske daga la'asar, misali ƙarfe 3, ka kashe 11 na dare. Ɗumin fitila ba zai haɗu da zafin azahar ba, kai ma in ka fito daga cunkoson hanya ka iso gida za ka tarar da tankinka a haske. Bayan nan a bar su cikin duhu, kifi ma yana barci. Ka tabbata agogon fitilar ba ya rikicewa in wuta ta yanke ta dawo.

Mataki na shida: waɗanda za su zauna a ciki

Ƙaramin tanki kamar gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya: ɗan haya guda mai faɗa ya isa ya hana kowa sakat, kuma ba inda za a gudu. Lita 84 tana ɗaukar ƙananan kifaye 3, in ruwa ya zauna sosai 4. Da yake wutarmu ba ta da tabbas, na fi son 3, domin ranar da famfo ya tsaya, ƙarancin baki shi ke tsawaita iskar.

Masu shara ke fara shiga, bayan gansakuka ta fito. Dodon koɗi 5 zuwa 8 sun isa. Trochus yana cin gansakuka kuma yana iya juya kansa in ya faɗi rigingine. Nassarius yana ɓuya a yashi ya cinye ragowar abinci. Wanda ake kira margarita na ruwan sanyi ne, zafinmu zai kashe shi a hankali. Ƙaguwar nan mai shiga ɓawon wani tana da kyan kallo, amma takan kashe dodon koɗi don ta gaji gidansa, saboda haka ɗaya ko biyu kawai, ka zuba mata ɓawo na banza. Jatan lande mai ja da farin layi a baya, mai tsaftace jikin kifi, yana zama da kowa lafiya.

Kifi kuwa ƙa'idarsa ita ce mai sanyin hali ya riga shiga, mai zafin kai ya zo ƙarshe, a bar mako 2 zuwa 3 tsakanin kowane da na bayansa. Na farko zai iya zama goby mai ruwan ɗorawa da ake kira watchman, wanda ke zama a ƙasa. In ka haɗa shi da jatan landen pistol za ka ga abin mamaki: jatan landen ba ya gani sosai, shi ke haƙa rami, kifin kuma yana gadin ƙofa. Ko ka ɗauki firefish, fari da jan wutsiya, amma guda ɗaya, kuma ragar murfi ta zama ba kafa, don gwanin tsalle ne. Tailspot blenny ƙarami ne, yana kiwon gansakuka.

Sai clownfish, kifin nan mai ruwan lemo da fararen layuka, wanda yawancin mutane dominsa suke shiga wannan kiwo. Nemi nau'in ocellaris da aka ƙyanƙyashe a gona, ya fi jure zaman tanki kuma ya saba da abincin gwangwani. Babu wanda ake haifa mace a cikinsu, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace. Don haka ka sayi ƙanana biyu lokaci guda, ɗaya ya ɗan fi ɗaya. Manya biyu ƙila duk mata ne, za su yi faɗa har ɗaya ta mutu. Kada ka haɗa nau'i biyu na clownfish, kuma ka guji maroon, mai launin jan goro, faɗansa ya fi ƙarfin ƙaramin tanki. Suna iya wuce shekara 10 a raye, ka shiga da wannan sanin.

Royal gramma, rabi shunayya rabi ɗorawa, daga tekun Karibiyan, ya dace ya zama na ƙarshe. Amma a kula, akwai wani dottyback mai kama da shi ƙwarai wanda mugu ne. Gramma yana da baƙin ɗigo a fiffiken baya da layi da ya ratsa ido, launukansa kuma suna narkewa cikin juna. Na dottyback a yanke suke kamar an ja layi.

Haɗin da nake ba wa mai farawa shi ne watchman goby ɗaya da ocellaris biyu. Ɗaya na ƙasa, biyu na tsakiya, ba mai shiga gonar wani.

Waɗanda za ka wuce ko da an yi maka rangwame: duk wani tang, musamman shuɗin nan da yara ke so, yana kai santimita 30. Damsel yana da araha da tauri, amma zai mallake tankin. Mandarin ƙananan halittu masu rai yake ci, a sabon tanki yunwa ke kashe shi. Butterfly da yawancin angel suna tsinkar murjani. Puffer da trigger za su cinye masu shara. Lionfish yana haɗiye ƙananan kifi, ga dafi a ƙayoyinsa. Anemone kuma, dabbar nan mai kama da fure da clownfish ke fakewa cikinta a teku, clownfish ba ya buƙatarsa don ya rayu a tanki. Yana yawo ya harbi murjani, in ya faɗa famfo ko ya mutu daren da ba wuta sai ya tafi da tankin gaba ɗaya. Bar maganarsa sai tanki ya shekara.

Mataki na bakwai: murjani da zamansu da juna

Bayan wata 2 zuwa 3, fara da masu laushi. Mushroom yana son inuwa da ruwa mai sanyin motsi. Zoanthid yana da launuka kamar an zana. Leather yana da juriya, sai dai yana sakin sinadarin da ke takura wa masu ƙashi, don haka ka sa gawayin tace ruwa kana canza shi kowane wata. Green star polyp da Xenia suna da kyau da sauƙi, amma suna bazuwa su danne komai, ka ba su dutsensu daban a tsakiyar yashi.

In waɗannan sun yi wata 3 suna girma, ka gwada LPS: Duncan da candy cane masu lumana ne. Hammer, frogspawn da torch su ne masu kaɗawar da ke ɗaukar ido, amma da dare suna miƙa dogayen hannuwa masu harbi. Ba su tazarar santimita 10 zuwa 15, ka lura da inda ruwa ke kaɗa hannuwan. Hammer da frogspawn sukan jure juna, torch ya fi so a bar shi shi kaɗai. Da masu ƙashi sun shiga, gwaji ya ƙaru: alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH, sauran kuma a ppm: kalsiyam 400 zuwa 450, maganisiyam 1,250 zuwa 1,350, naitiret 2 zuwa 10, fosfet 0.03 zuwa 0.1. Alkaliniti ya fi kowanne muhimmanci, kuma zamansa wuri ɗaya ya fi kai shi wata lamba. Murjani mai ƙashi yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ake karewa, wadda Nijeriya ke cikinta, saboda haka ka tambayi mai sayarwa ko da takarda kayansa suka shigo. Reshen da aka yanko daga tankin wani mai kiwo a nan Legas ya fi komai, domin ya riga ya saba.

Wannan gargaɗin kuma ka riƙe shi da kyau. Wasu zoanthid, musamman Palythoa, suna ɗauke da palytoxin, ɗaya daga cikin guba mafi ƙarfi da aka sani. Sa safar hannu da tabarau in za ka taɓa su, kada ka sa hannu mai rauni a ruwa, kada ka taɓa tafasa dutsen tanki ko zuba masa ruwan zafi, domin tururin yana iya kwantar da mutanen gida duka. In bayan aiki ka ji zazzaɓi, ɗacin ƙarfe a baki ko ƙuncin numfashi, tafi asibiti ka faɗa wa likita sunan gubar. Gida mai ƙananan yara ya fi kyau ya haƙura da Palythoa.

Ɗauko kaya da killacewa

Kada ka sayi kifi ranar da ya sauka daga jirgi. Ba da kafin alƙalami, ka bar shi mako guda a shago, ka ce a ba shi abinci a gabanka. Wanda bai ci ba, ko mai fararen ɗigo, ko mai saurin numfashi, ka bar shi. Tafi da kula, akwatin nan mai riƙe sanyi, da sassafe, domin leda a cikin mota a cunkoson Legas tana dahuwa. A gida ka bar ledar ta yi iyo minti 15, sannan ka riƙa ƙara ruwan tanki kaɗan-kaɗan na rabin awa. In kifin ya kwana a leda, kada ka ja lokaci bayan ka buɗe, amoniyar ciki tana ƙara dafi da iska ta shiga. Ruwan shago ba ya shiga tankinka. Murjani kuma a tsoma shi a maganin wanke murjani kafin ya shiga.

Ɗan tanki na lita 30 da famfon iska da guntayen bututun roba ya isa wurin killace sabon kifi mako 4. Cutar fararen ɗigo in ta shiga babban tanki, maganinta mai sinadarin jan ƙarfe ne, shi kuma yana kashe murjani da dodon koɗi da jatan lande. Dole a kwashe kifin duka a bar tankin ba kifi sama da wata 2.

Hidimar kullum da abubuwan gida

Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Busasshen abinci mai kyau ya fi dacewa da mu, domin daskararre in ya narke ya sake daskarewa ya lalace. Kowane mako ka canza kashi 10 cikin 100 na ruwa, ka wanke audugar matata, ka goge gilashi, ka yi gwaji ka rubuta a littafi.

Ka zauna da iyali ka yi musu bayani, don haɗarin da ya fi kusa daga cikin gida yake. Feshin maganin sauro da na kyankyaso, da igiyar sauro, guba ne ga kifi da jatan lande ko da kaɗan ne. Kada a fesa a ɗakin tanki, gidan sauro ya wadatar. Turaren wuta a kai shi wani ɗaki. Hannun da ke da man shafawa, turare ko sabulu a ɗauraye shi da zallan ruwa har gwiwar hannu kafin ya shiga. Bokiti da soson tanki na tanki ne kaɗai.

In za ka tafi gida Arewa hutun Sallah, canza ruwa kwana biyu kafin tafiya, kuma kada ka ƙara sabon abu a makonnin da suka gabata. Ƙulla abincin kowace rana a 'yar takarda daban, ka ɓoye gwangwanin, domin mai tausayi yakan cika hannu. Cika jarka da ruwan RO/DI ka rubuta a jikinta, ka nuna wa wanda zai kula alamar da ke kan gilashi da maɓallin inbata, ka roƙe shi ya riƙa turo maka hoton ma'aunin zafi kowace la'asar.